Kantar atamfa ta faɗo daga bangon filako: yaya ake rataya kaya masu nauyi su zauna?

Mai Shagon Atamfa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani, don jiya na ga tashin hankali a shagona da ke Boukoki. Shagon babba ne a da, sai mai gidan ya raba shi biyu da bangon filako, irin farin allon nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarafa, ni a gefe ɗaya, wani tela a ɗayan. Wata uku da suka wuce na sa wani yaro ya kafa mini kanta biyu a jikin bangon, na jera atamfa. Jiya bayan la'asar ina auna wa wata baiwar Allah shadda, sai muka ji ƙara kamar ana yaga kwali. Kantar sama ta sunkuyo, ta taho da ta ƙasa, atamfa ta zube har bakin ƙofa. Jikar matar a nan ƙarƙashi take zaune, tashinta ke nan ta je shan ruwa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na duba, ramukan sun buɗe kamar bakin kofin shayi, farin gari ya cika ƙasa, robobin da ya cusa kuwa suna nan manne da bis ɗinsu, ko lanƙwasa ba su yi ba. Yanzu ga tele inci 55 mai hannun ƙarfe da ake jawo ta gaba da shi ina so in rataya, ga babban madubi na masu gwada kaya, kuma dole kanta ta koma. Bangon nan yana ɗaukar kaya, ko in haƙura?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Allah shi tsare gaba ɗiyata, Allah shi raya yarinya. Amma in hwaɗa miki gaskiya, wanga abu ba bango ba ne. Shekara talatin da wani abu ina gini tsakanin Tahoua da Ƙonni da nan Yamai. Farin gari ne sunka matse tsakanin takarda biyu. Ki ce ma mai gida shi kwashe shi, a aza birki, a yi shafe, sannan ki kafa abin da kike so ki yi kwananki.

Maman Tagwaye: Innalillahi. Hajiya sannu, Allah ya ƙara kiyayewa. Ni ma ina nan ina saurare, don irin bangon ne a gidan da muke haya a Francophonie, kuma yarana ba abin da ba sa ja.

Mai Filako: Hajiya sannu da wannan firgita. Baba, da girmanka, rabin maganarka gaskiya ce, rabi kuma sai na yi maka musu. Allon kansa ba ya riƙe kaya, wannan haka yake. Wanda aka fi kawowa nan shi ne BA13, kaurinsa milimita 12.5 ne kacal, faɗinsa metir 1 da santimita 20, ƙarfinsa kuma yana cikin takardar da ta rufe shi gaba da baya. Amma bango ba allo kaɗai ba ne. A bayansa akwai ƙarafa: ray ɗaya kwance a ƙasa, ɗaya a sama, sai montan da ke tsaye tsakaninsu, mai faɗin milimita 48, ana jera su duk bayan santimita 60, wani wuri 40. Su ne ƙashin bangon. Wanda ya kafa kanta bai nemi inda suke ba, daidai yake da wanda ya rataya jaka a jikin labule.

Abin da ya kayar da kantarki, Hajiya, shabin roba ne. An yi shi don siminti da birki: bis ya shiga, roba ta kumbura, ta tokare jikin rami mai tauri. A filako babu abin da za ta tokara, sai ta riƙa murƙushe garin a hankali. Kullum kika ɗauki turmi kika mayar, ramin yana ƙara faɗi, har ranar da ya saki. Shi ya sa ya kai wata uku kafin ya faɗo.

Ƙa'idar Faransa da muka koyi aikin a kanta, DTU 25.41, ta raba kaya gida uku. Har zuwa kilo 10, ƙugiya ko shabin filako sun isa. Daga 10 zuwa 30, sai shabin ƙarfe mai buɗewa ta bayan allo, irin Molly, kuma a bar aƙalla santimita 40 tsakanin ɗaya da ɗaya. Abin da ya haura kilo 30 ba a bar wa allo shi, sai an kai nauyin ga ƙarafa ta hanyar katako ko ƙarfen da aka gitta.

Mai Shagon Atamfa: Na gode ƙanena, Allah ya yi albarka. Baba, mai gidan ba zai rushe ba, na riga na taɓa shi da maganar tun ina kama shagon. Amma kilo 30 ai da yawa ne, atamfa ce fa kawai.

Malamin Lissafi: Hajiya, kina da sikeli a kusa? Ki ɗora turmi goma ki gaya mana, sannan ki ƙirga nawa ke kan kantar da ta fara faɗowa. Ki auna mini faɗin katakon daga bango zuwa bakinsa, da tsawon ƙafar ƙarfen da ke riƙe shi.

Mai Shagon Atamfa: Na aro na mai shinkafa. Turmi goma sun yi kilo 7. Arba'in ne a sama. Faɗin katako santimita 40, ƙafafu biyu ne, daga bis na sama zuwa gindin ƙafar santimita 15.

Malamin Lissafi: To kin gani, kilo 28 ke nan, a ƙara katakon kansa a ce 32. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Nauyi iri biyu ne a jikin bango. Akwai wanda ke zamewa ƙasa yana shafar bango, kamar agogo ko hoton da ya kwanta lif. Wannan allo yana jure shi da dama. Akwai kuma wanda ke fizgo bis waje, kuma shi ne mai kayar da kaya. Ki riƙe bokitin ruwa a jikin cinyarki, sannan ki miƙe hannu da shi gaba. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa za ta gaya miki bambanci.

Tsakiyar kayanki tana santimita 20 daga bango. Kilo 32 sau 20, a raba da 15, ya ba da kusan 43. Ke nan kowane bis na sama ana fizgar sa da abin da ya haura kilo 20, dare da rana, a cikin robar da ba ta kama komai ba. Tele mai hannu kuma ta fi wannan. A ce nauyinta kilo 18, an jawo ta santimita 50, tazarar bis na sama da na ƙasa 20: fizgar ta kai kilo 45, ban ma sa nauyin hannun ba, ban sa hannun yaron da zai rataye a jiki ba. Lambar da ake rubutawa a kwalin shabi a duba ta da kyau, sau da yawa ta nauyi mai zamewa ce, ta fizga ba ta kai ta ba.

Maman Tagwaye: Malam ka sa jikina ya yi sanyi. Tamu kullum a jawe take don a gani daga tsakar gida. Yanzu na tashi na mayar da ita jikin bango.

Ɗan Bobiel: Ni dai ina ganin ana tsananta abin. Tawa inci 50 ce, na nemo montan na ɗaura bis mai huda kansa guda huɗu kai tsaye cikin ƙarfen. Shekara biyu ke nan ko motsi ba ta yi ba. Ƙarfe ai ƙarfe ne.

Mai Filako: Taka mai hannu ce ko mai kwanciya a bango?

Ɗan Bobiel: Mai kwanciya ce.

Mai Filako: To shi ya cece ka, abokina, kuma ba zan ce ka yi kuskure ba tunda nauyinta ƙasa yake zamewa. Amma kada wani ya ji ya kwaikwaya da mai hannu. Ka taɓa riƙe montan kafin a rufe shi? Kaurin ƙarfen milimita 0.6 ne, da almakashin kwano muke yanka shi, da hannu kana iya murɗe shi. Tazarar zaren bis ɗinka ta fi kaurin ƙarfen, ke nan ko zare ɗaya cikakke bai kama ba. A katako bis yana nutsewa santimita uku ko huɗu, duk zaren yana cizo. Masu kallon bidiyon Amurka su lura, yawancin gidajensu katako ne a bayan allo, dabararsu ta dogon bis mai kauri ba ta aiki a namu, sai ma ta yage ƙarfen.

Abin da nake yi shi ne in huda allo da ƙarfen tare, a tsakiyar fuskar montan, in tura shabi mai juyawa, wanda ƙarfensa ke shiga a miƙe ya gitta ta baya. Yawanci ramin milimita 13 yake so. Sai ya zama ƙarfen shabi ya rungumi montan da allo gaba ɗaya, ba zare ke riƙe kaya ba. Fuskar montan wajen milimita 35 ce, kuma gefe ɗaya a buɗe yake, don haka in ka kauce tsakiya ka ci baki, aikin ya lalace.

Ɗan Bobiel: Na ji, amma a kenkayari nawa za ka sami mai juyawan nan? Ni Molly kawai nake gani.

Mai Filako: Gaskiya ne, sai an yi yawo. In Molly ka samu, ka ɗauki M6, wato mai bis na milimita 6, ka duba tsawon wuyansa ya dace da kaurin bangonka, don na allo ɗaya daban, na allo biyu daban. Girman meshi, wato bakin injin huda, yana rubuce a kwali. Kuma a ɗaure shi da abin ɗaure shi mai kama da filaya. Masu ɗaurewa da turnabis sau da yawa shabin yana juyawa tare da bis, haƙoransa su cinye takarda, ya buɗe a karkace ba a sani ba.

Mai Shagon Atamfa: To ni yaya zan gane inda ƙarafan suke? Bangon duk fari ne sumul.

Mai Wuta Lazaret: Hajiya, mayen ƙarfe. Ki je wajen mai gyaran rediyo ya ba ki na tsohuwar sifika, ko ƙananan nan masu ƙarfi. Ki naɗe shi da ƙyalle don kada ya goge fenti, ki ɗaura zare, ki riƙa jan sa a hankali a kwance. In ya zo kan montan za ki ji ya yi nauyi, in ya dace da kan bis sai ya manne ya tsaya da kansa. Ki sa alama da fensir inda ya fara ja da inda ya saki, tsakiyarsu ita ce wurin huda. Ki yi haka a sama da ƙasa, ki haɗa da layi.

Amma ga abin da ya kawo ni. Montan yana da ramuka a jikinsa, ta nan muke bi da wayoyin kuran. Wanda zai huda ya kauce wa saman firiz, wato wurin jona wuta, da makunni da gefensu a miƙe, ya kashe wuta daga babban makunni, ya naɗa salatif a meshi daidai santimita 2 don kada ya zarce. Cikin bangon duka santimita 5 bai cika ba. Na taɓa zuwa gyara wani buro inda bis ya huda waya ya taɓa montan, bangon gaba ɗaya ya ɗauki wuta, mai shara ce ta fara ji da ta jingina da bangon. Kuma a cire bugun guduma daga injin huda, wannan na siminti ne, a filako farfasa bayan allo yake.

Mai Shagon Atamfa: Na samo, na gwada yanzu ni da yarinyar shago. Abin mamaki, yana mannewa kamar an kira shi! Na sami huɗu. Tazarar farko 60, ta biyu 60, ta uku 74. Ramukan da suka fashe kuwa ko ɗaya bai zo kusa da ƙarfe ba.

Mai Filako: Madalla da kika auna ba ki ƙirga da ka ba, ba kowa ke bin 60 ba in ƙarfe ya kusa ƙarewa. Saura abu ɗaya, Hajiya, kuma ya fi duk wanda muka faɗa. Ki dafa tsakiyar bangon da tafin hannu biyu ki tura a hankali, wani ya kalli sama. Muna so mu san ray na sama a dal, wato simintin rufi, aka ɗaure shi, ko a jikin silin kawai.

Mai Shagon Atamfa: Yana ɗan rawa, kuma silin ma yana motsi tare da shi.

Ɗan Ader: To kun ji. Mi na ce? Abin da kai nai bai kama komi ba, ina amfanin ƙarfafa cikinai? Ku sa shabi na zinariya in kuna so, randa kaya sunka yi yawa bangon duka za shi taho.

Mai Filako: A nan kam Baba ba ni da bakin musu. Wannan laifin mai aiki ne ba na filako ba, amma sakamakon ɗaya ne. Bangon da kansa ke jikin silin zai ɗauki madubi da tele mai kwanciya, ba zan ɗora masa kanta mai turmi arba'in ba, sai an buɗe silin an tokare ray da dal ko ƙarfen rufi.

Kafinta Katako: Ni ga tawa. Don tele, a sami kwantirfilake, wato faffaɗan allon katako, mai kaurin milimita 18, a yanka shi ya haye montan uku, wato kamar metir 1 da santimita 30. A ɗaure shi a kowane montan da shabin ƙarfe biyu ko uku, sama da ƙasa, sannan a kafa ƙarfen tele a jikinsa. A fi so a sa bulon ya ratsa katakon da wosha ta baya kafin a ɗaga shi. In aka goge aka shafa fenti, sai ka ce ado ne. Nauyi ya rabu a wuri shida ko tara maimakon biyu. Da tun ana gini ne, cikin bango ake saka katakon tsakanin ƙarafa, ba mai ganin sa. Masu sa a yi musu filako su riƙa faɗa tun farko: nan tele za ta zauna, nan kilim mai sanyaya ɗaki, nan kantar kicin.

Maman Tagwaye: Gara fa, Malam kafinta? A gidanmu na da ta cinye ƙofar ɗaki ta ciki, sai fenti ya rage a tsaye. In katako yana ɓoye cikin bango wa zai gani?

Ɗan Ader: Shi ya sa muke shafa ma katakon rufi baƙin mai na mota tun zamanin da. Gara ba ta son shi.

Kafinta Katako: A rufi yana yi Baba, amma kada a kai shi kusa da filako. Takardar tana shan mai, zai fito a fuskar bango ya yi tabon da fenti ba ya rufewa, ga wari a shagon tufafi. Akwai maganin katako na gwangwani, a shafa ya bushe sarai kafin a saka, kuma kada katakon ya taɓa ƙasa. Gara tana cin takardar allon ma, ba katako kaɗai ba, don haka in an ga hanyarta a gindin bango a yi maganinta kafin a rataya komai.

Mai Wuta Lazaret: Ruwa ma haka. Kan kilim na ciki ba shi da nauyi sosai, amma in bututunsa ya toshe da ƙurar hunturu ya riƙa ɗiga a bango, allon yana laushi kamar biskit a shayi, shabin ya fita da hannu. Da damina a duba yoyon rufi. Koren allo da ake sawa a makewayi yana jure laima, amma bai fi fari ɗaukar kaya ba, mutane suna ruɗewa a nan. Tukunyar ruwan zafi kuwa, mai lita 50 ruwanta kaɗai kilo 50 ne, a nema mata bangon siminti. Fanka kuma daga dal ake rataye ta, ba daga silin ba, don girgiza take yi ba ta hutawa.

Ɗan Ader: Ɗiyata, tunda mai gida ba shi rushewa, ji shawarar tsoho. Bar bango shi huta, ki ba ƙasa kayanki. Ki tahi kasuwar Katako wurin masu walda, su yi miki kanta ta ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke tsaye bisa siminti, tsawon da kike so, a shimfiɗa katako bisa. Nauyi duka shi sauka ƙasa. Sai a kama ta daga sama da ƙarfen bangon don kar ta kifo in yaro ya hau. Masu nauyi, shadda da leshi, ki aje su ƙasa, masu sauƙi bisa. Randa kika tashi, ki ɗauki abinki ki tahi, ba ki bar ma kowa rami ba.

Wani abin da ke ba ni tunani, farin dutsen da ake wanga allo da shi, jips, muna da shi ƙasar Ader. Mutanenmu na tono shi suna tarawa ana kai ma kamfanin siminti na Malbaza. Ga shi allon sai an ɗauko muna shi daga waje.

Mai Filako: Wallahi Baba wannan ita ce shawarar da ta fi tawa. Kamun sama ɗin fizgarsa kaɗan ce tunda ƙafafu na ƙasa, Molly biyu cikin montan sun isa. A bar ƙafafun gaba su ɗan fi na baya tsawo kaɗan, ko a sa musu ɗan tallafi, don kantar ta jingina baya.

Ɗan Bobiel: Ni dai har yanzu ina ganin da an ratsa bangon da dogon bulon har gefen tela, a sa faranti ta can, an gama.

Mai Filako: Yana yi, amma sai tela ya yarda, kuma cikin bangon fanko ne. In ka ɗaure da ƙarfi, allunan biyu za su matso juna su tsage, sai an saka guntun bututu a tsakani ya tokare. Kuma bai gyara rawar da kan bangon ke yi ba.

Mai Shagon Atamfa: Jama'a na dawo da labari, kwana tara ke nan. Na bi ta Baba. An yi mini kanta ta ƙarfe mai hawa biyar, tana tsaye a ƙasa, an kama ta a montan biyu. Na sa yarinyar shago ta ja da ƙarfinta, ko gezau. Tele kuma na mayar da ƙarfen mai hannu aka canja mini da mai kwanciya, an kafa ta a katako kamar yadda Malam kafinta ya ce. Da na nuna wa mai gidan yadda silin ke motsi ya yi shiru, ya ce a kira mai aiki ya tokare shi da dal, a cire kuɗin cikin haya. Tsofaffin ramukan an cike su, amma an gaya mini kada a sake kafa komai a wurin.

Madubin ne ya rage. Na auna shi, kilo 14, kuma ƙugiyoyinsa biyu tazararsu santimita 50 ce, ba za su dace da ƙarfe biyu ba.

Mai Filako: Alhamdulillahi Hajiya. Wannan mai sauƙi ne tunda kwanciya zai yi. Ki sa ƙugiya ɗaya ta faɗa kan montan, ɗayar Molly a allo ya isa, tazarar ma ta wuce 40. A duba da nibo, abin auna daidaito, kafin a huda na biyu. In babu abin ɗaure Molly a wajen mai aikinki, ina da aiki a Boukoki ranar Asabar, sai in biyo da nawa bayan azahar.

Maman Tagwaye: Don Allah in ka gama da na Hajiya ka biyo Francophonie. Na ja mayen ƙarfe a bayan telenmu, bai kama komai ba sai can gefe, kusan taƙi ɗaya daga inda bis suke. Na sa an sauke ta tana kan tebur.